Inabin gidana ya haura katanga, magana ta bi bayansa

Baban Ummi (Tumfure): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Damuwa biyu na zo da su, kuma tushensu ɗaya. Shekara uku ke nan da wani abokina ya kawo mini sandunan inabi huɗu daga Kudan, can wajen Zariya, na dasa a tsakar gida. Gara ta cinye biyu, ɗaya ya bushe, ɗaya ya kama. Wanda ya kama ɗin nan na yi masa rumfar ƙarfe, har ruwa nake saya dominsa, kun dai san halin ruwa a garin Gombe. Ya yi yaɗo ya rufe rumfar, ya hau katanga ya leƙa gidan maƙwabcina. Ganye kam ba a magana, amma 'ya'ya bai taɓa wuce nono huɗu ko biyar ba, su ma tsami.

Ta biyun ita ta hana ni barci. Jiya bayan Magariba wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe a ƙofar masallaci, ya ce in ji tsoron Allah. Wai magana ta zaga unguwa cewa na shuka inabi ne don in riƙa haɗa giya a gida, har an ga ana shiga da jarkoki. Wallahi jarkokin ruwan ban-ruwa ne. Na ce Baba wa ya faɗa, ya ce shi ma ji ya yi. Ina da 'ya'ya mata biyu da suka tasa. Yanzu tunanin da nake yi in sa gatari in sare shi in huta. Ku ba ni shawara.

Maman Hanifa (Jekadafari): Innalillahi. Allah Ya isar maka, Baban Ummi. Amma kada ka sare. Ranar da ka sare, ranar za a ce ai da ma gaskiya ne, asiri ne ya tonu.

Autan Hajiya (Bolari): To shi mai noma dawa fa? Da me ake yin burkutu in ba da dawa ba? Kun taɓa jin an tare manomin dawa a ƙofar masallaci? Don dai inabi baƙo ne a idon mutane, shi ke nan.

Manomin Dadin Kowa: Hamma, bari in fara da wadda na sani, in bar wa malamai ɗayar. Inabinka ba shi da ciwon komai, aski ne ba ka yi masa ba. Shi inabi ba kamar mangwaro ba ne da za ka dasa ka juya baya. 'Ya'yansa suna fitowa ne a jikin sabon toho, shi kuma tohon daga reshen bara yake fita. In ka bar shi ya yi ta yaɗo yadda ya ga dama, ƙarfinsa duk a ganye zai ƙare, rana ma ba za ta kai ga ɗan abin da ya haifa ba.

A ƙasashen sanyi kamar Faransa da Italiya, hunturu ne ke sa shi ya zubar da ganye ya huta, sai a datse shi kafin ya farka. Mu nan ba mu da sanyin da zai kwantar da shi, saboda haka mu ne muke tilasta masa hutu. Manoman Indiya na yankin Nashik, inda zafinsu ya yi kusa da namu, sau biyu suke aski a shekara: ɗaya wajen watan Afrilu don ya fitar da rassan da za su ƙosa, ɗaya wajen Oktoba don ya haihu. Na Oktoban nan shi ne ya fi dacewa da mu, domin damina ta ɗauke, 'ya'yan za su girma a cikin hunturu su nuna kafin ruwa ya dawo. Babban abokin gabar inabi laima ce a kan ganye. In ya yi fure a tsakiyar Agusta, fumfuna za ta lalata shi tun bai ƙulla ba.

Tsamin kuma, ina zargin da wuri kake tsinka. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi daga jikin uwar, ba irin ayaba ba ne da za a nannaɗe a ajiye ta nuna. Launi ba shi ne shaida ba, ka ɗanɗana na ƙasan nonon, in ya yi zaƙi sannan ka yanka.

Baban Ummi (Tumfure): Allah Ya saka da alheri. Wallahi tun da na dasa ban taɓa sa masa wuƙa ba, tausayinsa nake ji. Kamar nawa zan cire?

Manomin Dadin Kowa: Fiye da yadda zuciyarka za ta so. Mafi yawan yaɗon bana zai tafi. Za ka zaɓi rassa masu kaurin fensir waɗanda suka yi ja-ja suka ƙosa, ka bar wa kowanne 'yan idanu, sauran ka zubar. Ka rage masa ruwa kamar mako biyu kafin askin, bayan aski ka sa ruɓaɓɓen takin shanu ka dawo da ruwa sosai. Ɗanyen taki shi ke kiran gara. In kana da hali ka leƙo Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke nan garinmu, ka ga yadda ake riƙe almakashi da idonka, gani ya kori ji.

Malama Ta-Bajoga: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda labarin nan ya haɗa abu biyu da Turawa suka haɗa a karin magana ɗaya. Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara sai na yi fama da ɗalibai a kansa. In Ba'amurke ya ji magana a bakin mutane, ba daga mai ita ba, sai ya ce ya ji ta ne ta kurangar inabi. Yara sukan yi dariya su ce Malama inabi yana magana ne?

Asalinsa daga wayar tangaraho ne. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta waya daga Washington zuwa Baltimore, nan da nan aka shiga kafa turaku ana ja wa waya hanya miƙe daga gari zuwa gari. Sai mutane suka ce ai akwai wata tangarahon da ta riga wannan, wadda ba ta tafiya a miƙe, tana lanƙwasa tana nannaɗewa daga baki zuwa baki kamar yadda inabi ke kama duk abin da ya taɓa. Maganar ta yi ƙarfi a lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a Virginia, ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1901 cewa ta wannan hanya bayi suke sanin yadda yaƙi ke tafiya. Wanda aka aika gidan waya ɗauko wasiƙu sai ya ɗan yi jinkiri ya saurari hirar fararen fata, a hanyar dawowa ya sanar da 'yan'uwansa, har sukan ji labari kafin iyayen gidansu su ji.

Direban Layin Bauchi: Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ban yarda a yi wa "an ce" kuɗin goro ba. Shekara goma sha bakwai ina kan hanyar Gombe zuwa Bauchi. In gada ta karye, in an tare hanya wajen Alkaleri, in mai ya yi tsada a wani gari, ba a rediyo muke fara ji ba, a bakin 'yan'uwa direbobi ne a tasha. Da za mu jira sanarwar hukuma da da yawanmu ba su kai yau ba. Waɗancan bayi da kika faɗa, ai su ma ba gulma suke yi ba, hanyar da ta rage musu ke nan.

Maman Hanifa (Jekadafari): Gaskiya ne Direba, amma ka tuna daren gishiri. Agustan 2014, lokacin Ebola. Ƙarfe ukun dare wayata ta yi ƙara, yayata ce daga Kumo tana kuka, wai in tashi yara in yi musu wanka da ruwan gishiri mu kuma sha. Na ce wa ya ce? Ta ce an ce. Na tashe su kuwa, ban ɓoye ba. Washegari ƙasa duk ta ɗauka, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, musamman masu hawan jini. Ita ma yayata ƙauna ce ta sa ta kira ni. Hanyar da ke kawo maka labarin gada ita ce ta kawo mana gishiri.

Direban Layin Bauchi: Na yarda Adda. Amma mu a tasha in mutum ya ce an tare hanya, tambayar farko ita ce kai ka gani ko faɗa maka aka yi? In ya ce faɗa masa aka yi, sai a nemi wanda ya fito daga can yanzu. Wanda aka kama da ƙarya sau biyu, ko gaskiya ya kawo ba mai juya mota saboda shi.

Malam Na-Pantami: Bismillah. Ɗan'uwa Baban Ummi, Allah Ya ba ka haƙuri, kuma ka sani abin da aka yi maka ya wuce gulma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana giba da cewa ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce in abin yana tare da shi fa? Ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. Muslim ne ya ruwaito. Naka ƙage ne. Annamimanci kuma daban, shi ne ɗaukar magana daga wannan a kai wa wancan don a ɓata tsakani. Mu da Hausa mukan tara su duka mu ce gulma, shi ya sa mai yi yake ganin abin ƙarami ne.

Maganar Direba tana da gurbi a shari'a. Malamai irin su Imam Nawawi sun lissafa wuraren da ya halatta a ambaci aibin mutum, kamar wanda aka zalunta ya kai ƙara, ko gargaɗin mutane daga cuta, ko wanda aka nemi shawararsa a kan aure. Fatima bint Ƙais ta zo da sunayen masu nemanta biyu, Annabi ya gaya mata halin kowannensu a fili. Amma duk wannan sai da sani, kuma ga wanda abin ya shafa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a yi bincike, aya ta 12 ta hana zato da bin diddigi kafin ma ta kai ga cin naman ɗan'uwa.

Akwai lafazi a Suratun Nur, aya ta 15, a kan ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, wanda kullum yake tsaya mini a rai. Allah Ya ce kuna karɓar maganar da harsunanku. Ai da kunne ake karɓar magana. Amma su ba ta tsaya a kunne ba balle ta kai zuciya a auna ta, daga harshe sai harshe. Wata guda Uwar Muminai tana cikin wannan hali.

Shi kuwa inabi, halal ne shuka shi da ci da sayarwa. Yana cikin ni'imomin da aka lissafa a Suratu Abasa, tare da zaitun da dabino.

Ɗan Tangale (Billiri): Malam na gode da wannan bayani. Mu ma a Littafi Mai Tsarki, Yohanna sura 15, an yi misali da inabi, an ce reshen da ke ba da 'ya'ya manomi yakan datse shi don ya ƙara haihuwa. Tun ina yaro nake jin ayar a coci, ban taɓa fahimtar dalilin da za a yanki reshe mai kyau ba sai yau da Manomi ya yi bayani. Wasiƙar Yaƙub kuma ta kwatanta harshe da ƙaramar wuta mai cinye babban kurmi. Baban Ummi, in ka yi askin ina roƙon sanda biyu, ƙasar wajenmu tana da tsakuwa, na ji an ce yana son inda ruwa ba ya kwanciya.

Manomin Dadin Kowa: Haka ne, ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa. Sanda mai ido uku ko huɗu, biyu a ƙasa, sauran a sama, kuma kada ka juya ta kai ƙasa.

Bappan Yara (Dukku): Ku yara kuna ta cewa inabi baƙo ne. Shi na kanti baƙo ne, amma danginsa suna dajinmu tun kaka da kakanni. Dafara da muke jiƙawa mu samu yauƙi, magina su haɗa da shi a yi shafen soro, marina su yi laso a ramin karofi, ai 'yar gidan su inabi ce. Ka dubi yadda take hawa bishiya da 'yan zaren nan da take kama reshe da su, iri ɗaya ne. Faru kuma da muke sha muna kiwo, nononsa kamar na inabi, amma shi ba danginsu ba ne, ɓangaren mangwaro yake.

Ni dai misalin Turawan nan bai gamsar da ni ba, Malama. Inabi abin albarka ne, a wahala a kansa a ci zaƙi. Me ya haɗa shi da tsegumi? In Bahaushe zai zaɓa wa gulma tsiro, kauci zai zaɓa. Ba shi da saiwa a ƙasa, tsuntsu ne ke ɗauko irinsa ya manna a reshen bishiyar wani, ya zauna yana shan ruwan jikinta har reshen ya mutu. Ka taɓa ganin kauci ya tsaya da ƙafarsa? Haka mai gulma, ba shi da labarin kansa.

Malama Ta-Bajoga: Bappa, ranka ya daɗe, wannan zan kai wa ɗalibaina. Sai dai su Turawan ba cutar suke kwatantawa ba, hanyar suke kwatantawa, yadda take karkacewa har ka kasa gane inda ta faro. Mu ma muna da irin wannan. Kalmar jita-jita kanta ai "ji ta, ji ta" ce. Muna cewa ƙila-wa-ƙala, wadda muka aro daga Larabci, an ce ya ce. Muna cewa rediyo mai jini ga mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa. Kuma labari a Hausa yaɗuwa yake yi, kalma ɗaya da yaɗon kabewa da duma. Kabewa a bayan ɗaki ake shuka ta, a je a tsinci ɗanta a gidan maƙwabci.

Autan Hajiya (Bolari): Gaskiya dai a faɗa, irin wannan magana daga cikin gida take fitowa. Gidan suna da gidan biki, nan ake ƙulla ta.

Maman Hanifa (Jekadafari): A'a Auta, tsaya nan. Baban Ummi a ina aka tare shi? A gidan suna ko a ƙofar masallaci? Wa ke zama a teburin mai shayi daga Isha'i har sha biyun dare? Wa ke majalisa a bakin titi, mace ba ta isa ta wuce ba sai an faɗi 'yar wace ce da wanda ya sake ta? Mu in mun yi a ce gulma, ku in kun yi a ce hira ko siyasa. Na yi zaman gidan haya shekara tara, na san abin da mata ke yi, ba na kare mu. Amma maganar da ta kashe auren ƙanwata a majalisar maza aka haife ta, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce ni na fara.

Autan Hajiya (Bolari): Allah Ya ba ki haƙuri Adda, na karɓi gyara.

Direban Layin Bauchi: Yanzu ma ai ba a bukatar majalisa. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp, kafin in kai Bauchi daga Gombe ya riga ni isa Kano.

Malam Na-Pantami: Shawarata a aikace, Baban Ummi: ka koma wurin dattijon nan. Ya kyauta da ya same ka kai tsaye bai tsaya yi da kai ba, ka gode masa a kan haka. Sannan ka roƙe shi ya raka ka wurin wanda ya gaya masa, ba da faɗa ba. Daga nan ku bi ta baki-baki. Ka kuma buɗe ƙofarka, ka kira liman da mai unguwa su shigo su sha inuwar rumfar su ga jarkokin.

Maman Hanifa (Jekadafari): Kuma ka zaunar da 'yan matanka ka gaya musu da bakinka kafin su ji a islamiyya.

Baban Ummi (Tumfure): Salam jama'a, na dawo bayan kwana uku. Na bi shawarar Malam. Dattijon ya ɗauki sandarsa muka fita tare. Shi mai kanti ne ya gaya masa. Mai kanti ya ce a wurin mai shayi ya ji daga bakin wani mai gyaran babur. Mai gyaran babur ya ce matarsa ce ta dawo da ita daga gidan suna. Muka bi har muka dawo katangar gidana. Ɗan maƙwabcina ne, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ga bidiyo a wayar yayansa ana matse inabi ana zubawa a ganguna, sai ya tambayi mahaifiyarsa ko abin da Baban Ummi zai yi da nasa ke nan. Ita kuma ta maimaita tambayar yaron a cikin mata tana dariya. A baki na biyu tambaya ta zama labari. Jarkoki a wurin mai shayi aka ƙara su, kuma ba wanda ya yarda shi ya ƙara.

Maƙwabcina bai ma san ana yi ba. Da ya ji, mutumin nan har hawaye ya yi, shekara takwas muna tare ko cacar baki ba mu taɓa yi ba. Matarsa ta shigo ta ba uwargidana haƙuri. Liman ya zo ya gani, ya yi magana bayan Asuba ba tare da ya kama suna ba. Na yafe musu har zuciyata.

Abin da ya rage mini shi ne, jiya ƙanwar matata ta kira daga Kumo tana tambaya wai me ya faru, ta ji an kama ni. Kumo, jama'a. Waɗanda suka ji a masallacinmu sun ji gyara, na Kumo wa zai bi su? Ummi kuma ta ce wata ƙawarta ta daina biyo mata in za su islamiyya.

Maman Hanifa (Jekadafari): Allah sarki Ummi. Uwargida ta shirya ta je gidan su ƙawar da kanta, ta zauna da uwar yarinyar. Irin wannan ba a aike.

Malam Na-Pantami: Ita matar maƙwabcin, haƙurin da ta bayar a cikin gida bai kammala ba. Inda ta faɗa, nan ya kamata ta koma ta warware, a gaban matan da suka ji. Mijinta ya gaya mata da taushi.

Baban Ummi (Tumfure): In sha Allahu za a yi duka biyun. Manomi, saura naka. Na ce wa maƙwabcin zan datse reshen da ya shiga gidansa, ya ce in na taɓa shi bai yafe ba, yana so ya yi masa rumfa ta wajensa. Zai yiwu uwa ɗaya ta ɗauki rumfa biyu?

Manomin Dadin Kowa: Za ta ɗauka, tunda ta shekara uku kuma saiwarta ta yi nisa. Ku bar wancan reshen ya zama hannu na biyu, a ɗaure shi a kan waya kada ya riƙa gogar bulo. Amma ruwa da taki za su ƙaru, ku raba kuɗin. Kada ka taɓa komai yanzu, ka jira ruwa ya ɗauke. In Oktoba ta yi ka tuna mini, ina shigowa Gombe ranar Asabar, zan zo da almakashina. Sandunan da za mu cire a nannaɗe su da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa, biyu na Ɗan Tangale ne. Ku kuma fara neman tsohon gidan sauro tun yanzu, saboda tsuntsaye da jemagu in ya fara nuna.